Zaman Lekki da Ajah: in taho da iyali, ko in bar su a Kano?

Dan_Fagge: Assalamu alaikum, jama'a. Wurin da nake aiki ya sauya ni daga Kano zuwa Legas, kuma ofishin da zan koma yana Ibeju-Lekki, kusa da inda matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke. Na sha zuwa Legas, amma duk zuwan baƙunta ne, in sauka a masauki, in gama abin da ya kai ni, in juyo. Yanzu zama ne ya kama ni, ga mata, ga yara uku, babbarsu tana aji biyar na firamare. Maiɗakina ta ga hotunan Lekki a waya, gidaje masu kyau da bakin teku da itatuwan kwakwa, har ta fara lissafin kayan da za a ɗaure, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon waɗanda suka zauna a yankin, ba waɗanda suka je hutu ba, su bayyana mini yadda rayuwar yau da kullum take, domin in san ko zan tafi da iyali, ko zan bar su a gida in riƙa zuwa ina dawowa.

Injiniya_Sangotedo: Wa alaikumus salam. Malam Dan_Fagge, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Kafin a zo maganar haya ko makaranta, ya kamata ka fahimci irin ƙasar da za ka zauna a kanta. Lekki dogon ziri ne tsakanin Tekun Atlantika ta kudu da tafkin Legas ta arewa, kuma wurare da yawa a cikinsa fadama ce da aka cike da yashi aka yi gini a kai. Saboda haka ruwa yana dab da saman ƙasa, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangaren da ruwan sama zai bi ya wuce da sauri. Idan aka wuni ana ruwa a watan Yuni ko Yuli, sai kwatoci su cika su dawo da ruwan kan titi, wani lokaci har cikin falo. Wanda yake nan a Yulin 2017 ko farkon Yulin 2024 ya ga motoci tsaye cikin ruwa har murfin inji.

Duk da wannan yalwa, ruwan amfani shi ne wahalar. A unguwanni da yawa burtsatse yana ba da ruwa rawaya mai ƙarnin ƙarfe, wani wurin ma da ɗanɗanon gishiri. Farar shadda idan ta sha wanki da shi sai ta rine, tayil ɗin banɗaki ya yi ja. Rukunin gidajen da ke da hali suna da na'urar tace ruwa, sauran kuwa sai su sayi na tanka, ruwan sha kuma kusan kowa saya yake yi, na leda ko na gora. Shawarata ita ce duk gidan da dillali ya kai ka, ka buɗe famfo ka tari ruwa a farin bokiti, ka bar shi ya natsa ka ga abin da zai kwanta a ƙasa. Sannan ka duba gindin katanga ta waje, domin ambaliya tana barin layi a jikin fenti, kuma layin ya fi dillali faɗin gaskiya.

Maman_Sadik: Ni da maiɗakinka nake son yin magana, Malam, don Allah ka karanta mata. 'Yar'uwa, laimar garin nan ita ce za ta fara ba ki mamaki. A gida mun saba mu shanya wanki da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙarau. A nan, cikin damina, kaya suna iya kwana a kan igiya su tashi da ɗanshi da wani wari mai tsami. Takalman fata da jakunkuna da kika ajiye a kabad za ki ciro su sun yi fumfuna fari fat, haka ma lefen da kike tattali a akwati, idan ba kina fito da shi yana shan iska ba. A kicin kuma, kuka da busasshiyar kuɓewa da garin tuwo ba a barin su a buhu yadda muke yi a Arewa, sai a roba mai murfi da ke rufewa gam. Gishiri yana jiƙewa da kansa, kilishin da aka aiko miki tsaraba ya yi laushi ya fara sauya ƙamshi, don haka ba abin ɓoyo ba ne, a ci shi da wuri. Na koyi sayen kayan miya kaɗan-kaɗan, na kuma koyi turara ɗaki da kabad da turaren wuta kusan kullum. Abin da na ji daɗinsa shi ne kaushi da faso sun rabu da ni, fatar yara ma ba ta bushewa kamar lokacin hunturu a gida.

Tsohon_Agege: Yaro, ni na tsufa a garin nan, kuma shawarata ita ce kada ka kai iyalinka inda ba su da kowa. Hausawa sun kafa zango a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, akwai mu a Idi-Araba, akwai mu a Obalende da Mile 12. A waɗannan wurare matarka za ta sami maƙwabciyar da za ta shiga wurinta, 'ya'yanka su sami Islamiyya a bayan gida, idan haihuwa ta zo ko rasuwa akwai masu tsaya maka. Lekkin da ake ta kururutawa, mun san shi yana daji da ƙauyukan masunta. Muna nan a 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko da ke mashigar Lekki, aka watsa dubban talakawa, yau kuma wurin ne ya zama unguwar masu kuɗi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, hoton waya kuma ba shi ne zama ba.

Bazazzagi_Ajah: Baba Tsohon_Agege, Allah ya ƙara girma, maganarka ta zumunci gaskiya ce, amma a yi mini afuwa, ba za ta yiwu ga wanda yake aiki a Ibeju-Lekki ba. Daga Agege sai ya ratso Ikeja, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya bi ta Ikoyi ko Victoria Island, sannan ya kama titin Lekki zuwa Epe tun daga farkonsa, ya wuce Ajah da Sangotedo da Awoyaya kafin ya kai mahaɗar Eleko. Mutum zai fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, 'ya'yansa ba za su gan shi ba sai ranar Lahadi. To, mene ne bambancin wannan da barin su a Kano?

Matsalar yankin nan ita ce kusan kowa babban titi guda ya dogara da shi. Tirela ɗaya ta lalace a Ajah, ko ruwa ya taru a wani kwari, sai dubban mutane su tsaya cik. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai a 2023, manyan motoci sun ƙaru sosai a ɓangaren gabas. Sa'ar da Malam Dan_Fagge ya yi ita ce, idan ya zauna a Sangotedo ko Awoyaya ko Lakowe, da safe zai nufi gabas ne alhali yawancin jama'a sun nufi yamma wajen Victoria Island, don haka gosulon da zai sha bai kai na sauranmu ba.

Dan_Kurmi: Ku faɗa masa maganar haya tun da wuri. Kuɗin da dillali ya ambata maka ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan idan rukunin gidaje ne akwai kuɗin hidima na shekara, na masu gadi da kwasar shara da ruwa da man janareta. Wasu masu gidan ma shekara biyu suke nema a dunƙule, kuma babu dokar da ta hana su.

Lauya_Bakatsine: Malam Dan_Kurmi, gyara kaɗan a jimlarka ta ƙarshe. Akwai doka. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma haramta wa shi ɗan hayar biyan hakan. An cire Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island daga hukuncinta, amma Ajah da Ibeju-Lekki suna ciki. Inda na yarda da kai shi ne, masu neman gida sun fi gidajen yawa, don haka wanda ya tsaya kafa hujja da doka sau da yawa sai ya ga an ba wani gidan. Abin da nake jaddadawa shi ne kada a biya ko sisi sai an ga mai gidan ko wakilinsa da takarda, a karɓi rasit, a kuma rubuta a yarjejeniya wane ne zai ɗauki nauyin gyaran famfo da na'urar tace ruwa. Idan kuma wata rana sha'awar sayen fili ta taso, a yi hattara da 'yan gadon ƙasa da ake kira omo onile, domin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki.

Hajiya_Nima: Ina gaishe ku daga Ankara ta Gana. Duk abin da Maman_Sadik ta faɗa game da laima da fumfuna haka yake a wurinmu, ko da yake ruwan samanmu bai kai na Legas ba. Ambaliya ma mun san ta, domin ba za mu manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ruwa ya haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutane fiye da 150 suka rasu. Amma ina goyon bayan Baba Tsohon_Agege a kan abu guda. Iyalan da suka bar Nima da Mamobi da Sabon Zango suka koma unguwannin masu hali, 'ya'yansu da yawa suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar da amsa.

Malama_Badore: Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin ni koyarwa nake yi a nan. Makarantun kuɗi suna da yawa daga Lekki har Awoyaya, akwai na Musulunci masu haɗa boko da Alƙur'ani, amma masu kyaun suna da tsada, kuma kuɗin motar makaranta wani nauyi ne daban. A zaɓi makaranta kusa da gida ko da ba ita ce ta fi suna ba, saboda na ga yara 'yan shekara shida ana tashinsu da duhu, suna barci a aji kafin ƙarfe goma. Malam ya kuma sani cewa tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar, na gwamnati da masu zaman kansu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin illa ba, yaron da ya tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci ya sami jari. Sai dai Hausar ba za ta tsaya da kanta ba, sai iyaye sun riƙe ta a gida. Game da addini kuwa kada a ji tsoro, Musulmi Yarabawa suna da yawa ƙwarai, akwai babban masallacin Juma'a a Lekki Phase 1, akwai wasu a Ajah da sauran unguwanni, ko da yake a cikin wasu rukunin gidaje ba za ka ji kiran salla ba sai a wayarka.

Dan_Fagge: Na gode ƙwarai, jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon_Agege, na ji shawararka kuma ban raina ta ba. Amma har yanzu babu wanda ya ce komai game da tekun kansa, wanda shi ne ya ja hankalin maiɗakina. Shin mazauna yankin suna zuwa bakin ruwa kuwa, ko na baƙi ne kawai? Sannan yaya maganar zafi da lafiyar yara?

Bazazzagi_Ajah: Malam, amsar za ta ba ka dariya. Yawancinmu sai mun yi baƙi daga gida muke tunawa akwai teku a bayanmu. Wuraren da aka gyara, irin su Elegushi, da kuɗi ake shiga, a wasu ma a sake karɓar na ajiye mota da na rumfa, kuma da yamma, musamman a watan Disamba da 'yan ƙasashen waje suke dawowa hutu, kiɗa da shaye-shaye sun yi yawa ga mai iyali irinmu. Wanda yake son kai yara ya je da safe a ranar da ba ta hutu ba, ko ya nufi Eleko da ya fi kusa da wurin aikinka. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin ana gina sabon birnin Eko Atlantic. A 2024 ma an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark saboda sabon titin bakin teku da zai tashi daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. A Alpha Beach kuwa teku ne da kansa yake cin ƙasa, ya cinye hanya da gine-gine. Ni yarana sun fi son gandun Lekki Conservation Centre, inda suke ganin birai suna hawa doguwar gadar igiya.

Ma'aikaciyar_Jinya: Zan ƙara gargaɗi a kan abin da Malam Bazazzagi ya faɗa. Tekun nan ba irin kogi ko dam ɗin da muka sani ba ne, igiyarsa tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa ta ƙasa da ke fizgar mutum zuwa ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Yara su tsaya a kan yashi, hannunsu a hannun babba.

Maganar zafi kuma, ma'auni ba ya hawa kamar Kano, inda ake haura digiri 40 a watan Afrilu. A nan da wuya ya wuce 35, sai dai gumi ba ya bushewa a jiki saboda laima, don haka dare ya fi rana wahala idan babu wuta. Ƙurajen zafi suna damun jarirai, a riƙa sa musu tufafin auduga marasa nauyi. Sauro kuma ba shi da lokaci, duk shekara yana nan saboda ruwan da ke kwance, ba kamar gida da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta da damina ba. Gidan sauro da raga a tagogi wajibi ne. A gefe guda, masu fama da tari da asma saboda ƙurar hunturu wasunsu suna samun sauƙi, domin hunturun nan gajere ne kuma mara ƙarfi, amma wanda fumfuna take tayar masa da ciwon ya kula da ɗakin da zai kwana.

Injiniya_Sangotedo: Tun da an ambaci wuta, a sa ta cikin lissafi. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, gidajen da suke samun wuta sosai suna biya da tsada, waɗanda ba sa samu kuma suna ƙona fetur, wanda shi ma ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Sola tana taimakawa, amma a watannin hadari ba ta cika batir kamar yadda take yi a Arewa. Sannan iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana cin ƙarfe. Ƙofar gida da injin esi na waje da ƙasan mota duk suna yin tsatsa da wuri, musamman ga wanda gidansa yake kudu da babban titi. Ni duk lokacin da na ratsa ruwan ambaliya sai na kai mota an wanke ƙasanta.

Tsohon_Dan_Acaba: Ina karanta bayananku, kuma duk na masu albashi ne. A bar ni in faɗi na sauran 'yan Arewa da ke yankin, domin Malam zai gan mu kullum a bakin ƙofa. Mu ne masu gadi, masu tura ruwa, masu shayi, masu gyaran takalma da leburorin gini, da yawanmu kuma a kangon da ba a gama ba muke kwana. Tun 1 ga Yunin 2022 da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa da ta ƙunshi Lekki da Ajah, da yawa sun rasa babura, wasu sun koma gida, wasu sun koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Ni yanzu kayan gwari nake sarowa daga Mile 12 ina kawowa nan. Maiɗakin Malam ta sani cewa tumatir da attaruhu da albasar da za ta saya a Ajah daga gida suka zo, amma kafin su iso hannunta kuɗin mota ya hau kansu sau biyu. Kifi ne kawai zan ce an more, musamman ga wanda zai iya zuwa kasuwar kifi ta Epe.

Maman_Sadik: Gaskiya ne, Malam, kuma irinku ne kuke ɗebe mana kewa, domin a wurin mai kayan gwari nake samun daddawa da labarin gida. Amma ina so in koma kan tambayar farko, saboda an jero wahalhalu har kamar babu alheri a zaman. Ni na zauna a Kano maigidana yana nan, na kuma zo na zauna tare da shi, kuma ban ga abin da ya kai zama tare ba. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuɗin jirgi ba na kowane wata ba ne, hanyar mota kuma kowa ya san halinta. Kaɗaici yana nan, musamman a watannin farko da za ki wuni a gida ba wanda ya yi miki sallama, amma akwai ƙungiyoyin matan Arewa da ake haɗuwa ta WhatsApp, ana zuwa suna da walima, da azumi kuma ana haɗa buɗa-baki.

Tsohon_Agege: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma zumuncin waya daban, na maƙwabcin da zai ji kukan yaronka da tsakar dare ya ƙwanƙwasa ƙofa daban. Ban janye maganata ba. Idan nisa ya hana shi zama a Agege, to aƙalla ya riƙa kawo su ranar Juma'a ko Lahadi su ga 'yan'uwa. Yanzu ma akwai jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Agege.

Lauya_Bakatsine: Baba, jirgin yana tsayawa a Agege, amma iyakarsa Oyingbo, bai shiga Lekki ba. Layin da aka tsara wa wannan yanki shi ne Green Line, daga Marina zuwa yankin ciniki na Lekki, kuma ba a fara hawansa ba. Ni dai da Malam Dan_Fagge zai ji tawa, ya fara zuwa shi kaɗai, ya kama ɗaki na ɗan lokaci, ya ga damina ɗaya da idonsa, ya san titin da ke nutsewa da wanda ba ya nutsewa, sannan ya ɗauko iyali kafin a koma makaranta a watan Satumba.

Malama_Badore: Barista, lissafinka ya yi daidai ta fuskar gida, amma ta fuskar makaranta akwai gyara. Makarantu masu kyau suna yin jarrabawar ɗaukar sababbin ɗalibai tun kafin hutun ƙarshen shekara, don haka wanda ya jira sai Agusta zai iya tarar da gurbi ya cika, musamman ga yarinyar da ke dab da shiga sakandare. Malam Dan_Fagge, a wane wata ake so ka kama aiki, kuma shin wurin aikin naku yana ba da gida ko motar ma'aikata? Amsar waɗannan biyun za ta sauya shawarar da yawancinmu muka bayar.